Lacca: Yadda kwamfuta ke bin sawun mai da ruwa a ƙarƙashin ƙasa

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, sannunku da zuwa.

Bari mu fara da gyara wani zato. Ɗanyen mai ba kwance yake a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki ba. A cikin ƙananan ramukan dutse yake, kamar ruwa a soso, ga ruwa da iskar gas suna rububin hanya da shi. In aka tura ruwa ta wata rijiya don ya koro mai, ruwan da yake ya fi tsinkewa sai ya bi inda dutse ya fi sako-sako, ya bar man a baya.

Lissafin kansa tsoho ne. Tun 1856 Henry Darcy ya auna yadda ruwa ke ratsa yashi a Dijon ta Faransa, a 1942 kuma Buckley da Leverett suka bayyana yadda ruwa ke tura mai. Wahalar tana wajen yawa. Kwamfuta yanka dutsen take yi akwati-akwati a lissafi, lokaci kuma ta bi shi taki-taki. Wani samfurin dutse da ake gwada irin wannan lissafi da shi, SPE10 na 2001, akwatuna 1,122,000 ne, kowanne da nasa lissafin.

To, ku lura da nan sosai. Matsi da ruwa halinsu ba ɗaya ba ne. Ka buɗe rijiya, ba da jimawa ba matsi ya sauya har can nesa. Ruwa kuwa rarrafe yake yi, daga akwati zuwa maƙwabcinsa. Wata dabara da ake kira IMPES a kan wannan ta ginu: a warware matsi na dukkan akwatuna a haɗe, sannan a matsar da ruwa. Tana da sauƙi, amma da sharaɗi: kada ruwa ya tsallake akwati guda a taki ɗaya na lokaci. Kusa da rijiya kuwa akwatuna ƙanana ne, gudu ya yi yawa, sai takin ya ƙanƙance, alhali hasashen shekara 30 ake nema!

Wasu sai su warware matsi da ruwa a haɗe da hanyar Newton, wato a yi ƙiyasi a yi ta gyara shi har amsa ta daidaita. Taki ya yi tsawo, amma kowanne da nauyi. Ni dai na fi gamsuwa da raba aiki: hanya mai nauyi a akwatunan da ke kewaye da rijiyoyi, mai sauƙi a sauran, inda kusan ba abin da ke motsi.

Wannan lissafin ne kuma ake bin iskar kabon da shi a Sleipner ta Norway, inda ake tura ta cikin dutsen da ke ƙarƙashin teku don adanawa tun 1996. Akwai mai tambaya?