Idan zuciya ta ƙi zama: lacca kan zaman lura na mabiya Buddha

Wannan lacca ce da wani malaminmu mai koyar da tarihin addinai ya yi wa 'yan aji, na kwafo ta daga rikodin ɗin waya, inda hayaniya ta rufe magana na tsallake.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Toh madalla. Kafin mu fara bari in share hanya, don na san halinku, kar wani ya fita ya ce Malam yau ya kira mu addinin Buddha. Karatu muke yi, muna duba yadda wasu mutane suka yi sama da shekara 2,400 suna nazarin zuciyar ɗan Adam, abin da ya dace da hankali ka gane shi, aƙidarka tana nan a aljihunka ba wanda ya taɓa maka ita.

Shi dai wannan mutumin da ake kira Buddha, Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, kuma mabiyansa sun ce a Bodh Gaya da ke jihar Bihar ta Indiya ya samu abin da suke kira farkawa, a gindin wata bishiya. Cikin abubuwan da ya koyar akwai wani zama da ake yi, ka samu wuri ka miƙe bayanka ka sa hankalinka kan numfashi, shigarsa da fitarsa, shikenan. In ka ji an faɗa sai ka ce ai wannan ko yaro zai iya. To gwada yau da daddare. Kafin ka ja numfashi biyar ka tafi kasuwa, ka tuna bashin da ake bin ka, ka rama wata baƙar magana da aka gaya maka tun bara, ka dawo. Mu da muke salla ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu, kana kabbara sai ka tuna inda ka ajiye makullin da ka kwana uku kana nema.

Su sai suka zauna suka lissafa abubuwan da ke tare wa mutum hanya suka ce guda 5 ne: sha'awa, wato kwaɗayin abin daɗi, sai ƙiyayya ko fushi, sai kasala da gyangyaɗi, sai rashin sukuni haɗe da nadama, na ƙarshe kokwanto. Akwai wani labari a tsofaffin littattafansu na harshen Pali da nake so ku riƙe, don ya shafe ku ku masu jarabawa. Wani malamin Brahmana, wato ajin malaman addini na Indiya, mai suna Sangarava ya zo wajen Buddha a garin Savatthi ya ce, me ya sa wani lokaci karatun da na daɗe ina haddacewa sai ya ɓace min fat, wani lokaci kuma wanda ban ma maimaita ba sai ya zo da kansa? Sai Buddha ya ce masa ɗauki kwano ka cika da ruwa ka leƙa don ka ga fuskarka. In an zuba rini a ruwan, ja ko shuɗi ko rawaya, ba za ka ga komai ba sai launi, wannan ita ce sha'awa. In ruwan yana kan wuta yana tafarfasa, fushi kenan. In gansakuka ta rufe shi, kasala. In iska tana kaɗa shi yana ta rawa, rashin sukuni. In kuma ruwan laka ne aka kai shi cikin duhu aka ajiye, kokwanto. A duk biyar ɗin fuskarka tana nan, ruwan ne ya ƙi nunawa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Me za ka yi in ɗaya daga cikinsu ya zo? Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu hau kanmu da faɗa. Kai wane irin mutum ne, minti biyu ka kasa, ba ka da amfani, dama haka kake a komai. To ka ga yanzu ruwan da ke tafasa ka ƙara masa itace, da fushin wani kake ji yanzu ka haɗa da fushin kanka.

A cikin huɗubar da ake kira Satipatthana, wadda ita ce tushen duk wannan zaman lura da ya bazu duniya, umarnin farko da aka ba mai zama game da waɗannan biyar ɗin ɗan ƙarami ne har ya ba ka mamaki. In sha'awa tana cikinsa ya san tana ciki, in babu ya san babu, ya lura da yadda ta taso, ya lura da yadda ta tafi, da abin da zai hana ta dawowa. Ba a ce ya zagi kansa ba, ba a ce ya yi kamar bai ji ba. Ya sani kawai. Kuma labaransu cike suke da wannan. Suna da wani da suke kira Mara, mai ruɗi, wanda yake zuwar wa Buddha da almajiransa a kamanni iri-iri, wani lokaci da tsoratarwa wani lokaci da daɗin baki. Sau da yawa yadda labarin ke ƙarewa ɗaya ne, sai a gane shi, shi kuma da ya ga an gane shi sai jikinsa ya yi sanyi ya ɓace a wurin. Har mata 'yan zuhudu yake zuwar wa. Akwai wata Kisagotami wadda ɗanta ya rasu, tana zaune a daji ita kaɗai ya zo yana mata habaici wai me take yi a nan da fuskar kuka kamar wadda ɗanta ya mutu, ko namiji take nema? Ku duba fa, daidai kan gyambon ya taka. Ita kuwa ta tambayi kanta wa ke wannan magana, mutum ne ko ba mutum ba, ta ce Mara ne, ta ba shi amsa, ya tafi.

Ina ganin wannan tambayar ta "wa ke magana" ita ce rabin aikin. Muryar da ke ce maka ba ka da amfani, in ba ka tsaya ka dube ta ba sai ka ɗauka gaskiya ce tsantsa, alhali ita ma wani abu ne da ya taso kuma zai wuce, yawanci ma kokwanto ne ya sako rigar nasiha.

Akwai kuma maganar kibiya biyu. Buddha ya ce mutumin da bai samu horo ba in ciwo ya same shi sai ya shiga baƙin ciki da kururuwa da dukan ƙirji, kamar wanda aka harba da kibiya aka sake harbinsa da ta biyu, ciwon jiki ɗaya na zuciya ɗaya. Wanda ya samu horo kibiyar farko tana samunsa shi ma, yana jin zafinta sarai, ta biyun ce ba ya karɓa. Ka faɗi jarabawa, wannan ta farko ce kuma da zafi, ba wanda zai ce maka babu zafi. Amma wata uku da za ka yi kana cewa ni dama daƙiƙi ne, gidanmu ba a karatu, wannan kai ka ɗauko baka ka harbi kanka.

Na ga wasu suna gyangyaɗi a can baya, toh kun zo a daidai. Moggallana, ɗaya daga cikin manyan almajiransa biyu, shi da Sariputta, farkon shigarsa yana zaune a wani ƙauye a ƙasar Magadha yana ta gyangyaɗi. Buddha ya ce masa Moggallana gyangyaɗi kake? Ya ce e. Bai ce masa tir ba. Sai ya shiga ba shi dabaru ɗaya bayan ɗaya, ya ce tunanin da kake yi barcin ya zo ka bar shi, in bai yi ba ka juya karatun da ka ji a zuciyarka, in bai yi ba ka karanta shi a bayyane, in bai yi ba ka ja kunnuwanka biyu ka murza hannuwa da ƙafafu, in bai yi ba tashi ka wanke idonka da ruwa ka dubi sama ka kalli taurari, in bai yi ba ka sa haske a ranka, in bai yi ba ka yi ta kai da kawowa, in duk bai yi ba to kwanta ta gefen dama ka yi barcinka da niyyar tashi da zarar ka farka. Wannan na ƙarshen ne yake burge ni, an gwada komai, jiki ya ce a'a, an ba shi haƙƙinsa. Mu ma ai muna da hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim, wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya kwanta har barcin ya sake shi. Ban ce abu ɗaya ba ne, kowa da inda ya dosa, amma ɗan Adam ɗin da ake wa magana ɗaya ne.

Sai dai kar in yi muku kwalliya da yawa. Tsofaffin littattafan nan ba duka lallashi ba ne. Akwai huɗubar da ta kawo hanyoyi 5 na magance mugun tunani, ta ƙarshe ita ce ka dantse haƙora ka manna harshe a ganɗa ka danne zuciya da zuciya. Ƙarfi yana nan, amma ku lura a ƙarshe aka sa shi, bayan huɗu sun gaza. Yawan nanata tausasa wa kai da kuke ji yau, malaman zamani ne suka ƙara masa murya, musamman da abin ya je Turai da Amurka suka tarar da mutane masu tsananin ƙin kansu. Tushen dai yana nan tun da. Buddhaghosa, wanda ya yi rubutu a Sri Lanka a ƙarni na 5, da ya zo tsara yadda ake horon fatan alheri sai ya ce ka fara da kanka, sannan wanda kake girmamawa ko kake so, sannan wanda ba ruwanka da shi, maƙiyi shi ne can ƙarshe. Kuma ya yi gargaɗi cewa tausayi yana da wani maƙiyi na kusa mai kama da shi, wato baƙin ciki. Zama ka yi ta jin tausayin kanka kana kuka kana cewa wayyo ni, wannan ba shi ake nufi ba. Uwar da ɗanta ke koyon tafiya in ya faɗi ba ta marinsa, ba ta kuma zama ta taya shi kuka, ɗaga shi take ta ce tashi mu je.

Yadda abin ya fito duniya kuwa a gurguje. A Burma, Myanmar ta yanzu, wadda dai kakanninmu suka je yaƙin duniya na biyu, ba Bama ta Barno ba, Mahasi Sayadaw ya yaɗa hanyar kiran abu da sunansa a zuci, in tunani ya zo ka ce tunani tunani, in ƙaiƙayi ne ka ce ƙaiƙayi, ka koma kan numfashi. S. N. Goenka ya bar Burma ya koma Indiya a 1969 yana koyar da kwas na kwana 10 ba magana, har gidan yarin Tihar na Delhi aka kai shi, a 1994 fursunoni kusan 1,000 suka zauna lokaci guda. A Amurka kuma Jon Kabat-Zinn ya cire rigar addinin a 1979 ya mayar da shi shirin sati 8 a asibitin jami'ar Massachusetts don masu fama da ciwo mai naci. Daga nan ne ya shiga manhajojin wayarku.

Akwai tambaya? Na'am, Malama.

Malam, in dai tausayi suke koyarwa haka, to abin da aka yi wa Musulmin Rohingya fa?

Tambayarki a kan hanya take kuma ba zan kauce mata ba. A 2017 sojojin Myanmar suka far wa Rohingya a jihar Rakhine, sama da mutum 700,000 suka tsallaka Bangladesh, kuma akwai 'yan zuhudu irin su Wirathu da suka yi shekaru suna hura wutar ƙin Musulmi sanye da rigar addini. Wannan ya faru. Ƙiyayya ce lamba biyu a jerin da na karanto muku, a littafinsu take, sun haddace ta, bai hana su ba. Samun magana a littafi daban, mutum ya juyo ya ga abin a cikin ƙirjinsa daban, kuma wannan ciwon ba su kaɗai ke da shi ba.

Kai kuma a gefe, ɗaga murya.

Malam, wanda yake da damuwa mai tsanani in ya yi wannan zaman zai warke?

Kar ka yi masa wannan alkawarin. Wanda ya ga tashin hankali, aka kashe nasa a gabansa ko aka sace shi, in ka ce ya rufe ido ya zauna shiru shi kaɗai wani lokaci abin da ya gani ne zai dawo masa ɗanye, masu bincike sun rubuta irin wannan. Shi ya sa ƙwararrun masu koyarwa suke cewa irinsa ya bar idonsa a buɗe, ya gajarta zaman, ko ya yi da tafiya yana jin tafin ƙafarsa a ƙasa, in abin ya yi nauyi ya tsaya. Irin wannan likita yake buƙata da mutanen da za su zauna da shi. Toh lokaci ya ƙure, sati mai zuwa za mu shiga addinin Jain, wanda bai karɓi takardar yau ba ya ga shugaban aji.