Maganin damina: rana ɗaya ta asibiti, kwana biyu na unguwa

Malam: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau batun maganin nan ne da ake bi gida-gida ana ba yara da damina don kare su daga zazzaɓin cizon sauro. Hajiya, ina aka samo shi?

Hajiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar a fara shi a 2012, don ƙasashen Sahel, inda cutar ke tashi da saukar ruwa. A Najeriya, Katsina ce ta fara a 2013. Yara daga wata 3 zuwa wata 59 ake ba, sau ɗaya duk bayan kwana 28, galibi zagaye huɗu daga Yuli zuwa Oktoba.

Malam: Kuma kowane zagaye kwana uku ne.

Hajiya: To ai nan ne gizo ke saƙar. Ranar farko mai rabon maganin ce ke narka ƙwaya biyu, SP (maganin zazzaɓin cizon sauro mai salfa a ciki) da amodiyakwin, a ɗan ruwa, yaro ya sha a gabanta, ta cike kati, a yi wa gidan alama da alli. Sai ta bar wa uwa ƙwaya biyu, ta gobe da ta jibi. Asibiti ba ya ganin waɗannan kwana biyun.

Malam: Me ke lalacewa a can?

Hajiya: Wata uwar ta adana, wai sai ranar da jikinsa ya yi zafi. Wata ta raba da yayansa ɗan shekara bakwai, saboda tausayi. Wata kuma yaron ya yi amai, ta tsorata ta bari. Alhali in aman ya zo cikin minti 30 da sha, sake ba shi ake yi, sau ɗaya. Shan rana ɗaya ba ya riƙe yaro wata guda.

Malam: Shi ya sa ake zaɓo iyaye mata da ake jin maganarsu, su leƙa gidaje rana ta biyu da ta uku.

Hajiya: Ƙwarai. Kuma dole mace, Malam, don kai kanka ka san gidan da aka rubuta "ba shiga". Mai unguwa ya tura sanƙira kafin ranar, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a don maigida ya ba da izini, kwamitin mazaɓa kuma ya nuna rugage da ƙauyukan da ruwa ya yanke wa hanya.

Malam: To asibitin fa, meye nasa?

Hajiya: Horar da masu rabo, ajiyar magani, ƙidayar abin da ya fita da wanda ya dawo kowace yamma. Sai karɓar yaran da aka turo. Yaro mai zazzaɓi ba a ba shi a gida. A kai shi a yi gwajin jini, in cutar ce a ba shi maganin warkarwa. Haka wanda ke shan Septrin, ko wanda maganin salfa ya taɓa fesa wa ƙuraje, ba a ba shi.

Malam: In uwa ta je ta tarar babu kayan gwaji?

Hajiya: Zagaye na gaba ba za ta buɗe wa mai rabo ƙofa ba. Don haka kwamiti ya duba ma'ajiyar asibiti mako guda kafin a fara. Gidan sauro kuma kada a naɗe shi.