Teburin da Ba Ya Girgiza: Yadda Masu Sake Cika Harsashi a Amurka Ke Zaɓen Teburin Aiki

Masu kallo, ku dubi hannun mutumin nan. Yana danna sandar injin matsi, kwanson harsashi na tagulla yana shiga mazubinsa don ya koma girmansa na farko. A Amurka mafarauta da masu gasar harbi da yawa suna sake cika kwanson da suka harba a garejin gidajensu, kuma kamfanoni irin su RCBS, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1943, da Lee da Hornady suna ƙera musu injinan. A Najeriya dai doka ta hana mutum haɗa harsashi a gida, don haka a kan Amurka za mu tsaya.

To, yanzu ku lura da bakin teburin da aka ɗaure injin a kai. Duk ƙarfin da aka sa wa sandar nan a wannan ɗan gefen yake sauka. Idan katakon siriri ne sai ya riƙa lanƙwasa, injin yana sunkuyawa gaba a kowane dannawa, wata rana ma katakon ya tsage a inda aka ɗaure shi. Shi ya sa gwanayen aikin ke manna fallen katako biyu masu kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, saman teburin ya kai inci ɗaya da rabi. Ba sa yarda da ƙusa. Huda katakon suke yi, su zura dogon ƙarfe mai noti, su ɗaure ta ƙasa da faffadan wosha.

Nauyi ma yana da amfani. Teburi mara nauyi yakan ɗago ƙafafunsa na baya idan aka danna da ƙarfi, sai a ɗaure shi da bango, ko a loda kaya masu nauyi a kantar ƙasa. Tsayinsa kuwa, gwargwadon mai aikin ne, a tsaye zai yi ko a zaune.

Abin da ya fi damuna shi ne sikeli. Ana auna albarushi da awon da bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, kuma kuskure kaɗan na iya fasa bindiga a hannun mai ita. Sikelin da ke kan teburin da ake dannawa girgiza yake yi. Ku ga inda wannan mutumin ya ajiye nasa: a kan wata kanta daban da ya kafa a bango, daidai idonsa. Albarushin kansa yana cikin gwangwaninsa na asali, a wuri mai sanyi, nesa da wuta da yara.