Lauyan da ke tsaron fasahar mutane: laccar da aka gabatar wa ɗaliban shari'a

Assalamu alaikum. Malamaina, ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka.

Yawancinku idan aka ce lauya, kotu kuke hangowa, da baƙar riga da farin gashi. Akwai lauyan da zai yi shekaru bai tsaya gaban alƙali ba, amma dukiyar mutane tana hannunsa. Aikinsa rajistar ƙirƙira da tambarin kasuwanci, kuma shi nake so wasunku su zama.

A Najeriya dokar da ke kula da ƙirƙira ta 1970 ce, ta tambari kuwa ta 1965, ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci. Takardar mallakar ƙirƙira shekara 20 take yi, kuma kowace shekara sai an biya kuɗin sabuntawa. Tambari shekara 7 ne da farko, sannan a riƙa sabunta shi duk shekara 14. Kada ku raina waɗannan lambobi. Rabin aikin nan kalanda ne. Idan ka shigar da takardar ƙirƙira yau a Abuja, wata 12 gare ka ka kai ta wata ƙasa ranarka ta farko tana nan daram. Ka bari wa'adin ya wuce, ranar ta tafi, kuma wanda ya ba ka amana shi ke da asara.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Ofishin rajistarmu ba ya binciken ko ƙirƙirar da ka kawo sabuwa ce. Yana duba cikar takardu ne, ya ba ka shaida. Sai ranar da rigima ta kai Babbar Kotun Tarayya za a gane ko takardar tana da ƙarfi. To, nauyin wa ya hau? Na lauyan da ya rubuta ta. A ƙarshen kowace takarda akwai jimloli masu lamba da ke fayyace abin da mai ƙirƙira yake cewa nasa ne. Kamar iyakar gona suke. Ka matse su, maƙwabci ya sauya ƙusa ɗaya a injin ya kwaikwaye shi lafiya lau. Ka faɗaɗa su fiye da kima, ka shiga abin da wani ya riga ka, kotu ta soke. Don haka za ka zauna da makeri ko injiniya, zanensa a gabanku, kana tambaya: wannan ƙarfen dole ne, ko roba ma za ta yi? Kuma abu na farko da za ka gaya masa shi ne ya riƙe bakinsa. Yaranmu suna haɗa inji su sa bidiyonsa a Facebook kafin su ga lauya, alhali abin da duniya ta riga ta gani ya daina zama sabo a idon doka. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ku leƙa maƙwabta. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman mallakar irin albasa da sunan Violet de Galmi. Galmi fa, garin da ke jihar Tawa, inda manoma suka gaji albasar kaka da kakanni. Nijar ta ƙalubalanta, kamfanin ya bar sunan. Daga baya aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da ke da asalin wuri. Mutanen da suka san takarda da wa'adi ne suka tsaya wa manoman nan. Najeriya kuwa ba ta cikin OAPI, ba ta cikin takwararta ARIPO mai hedikwata a Harare, don haka duk kamfanin da ke son kariya a kasuwarmu sai ya zo Abuja, kuma lauyan gida zai nema.

Hanyar tana da nisa ga mai himma. Kamil Idris ɗan Sudan shari'a ya karanta, ya shiga WIPO, hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, a Janeba a 1982, ya shugabance ta daga 1997 zuwa 2008. Mai son bin wannan layi ya koyi karanta zanen injiniya, ya ɗan san kimiyya, ya kuma koyi Faransanci, domin da shi za a yi aiki da Yamai da Yawunde.