Ranar da na taka Santambul da ƙafa a watan Afrilu

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu kallo, musamman mutanenmu na Gombe, daga Tudun Wada zuwa Pantami har Jekadafari. Yau ina magana da ku daga Istanbul, birnin da iyayenmu suke kira Santambul, inda na zo hutun kwana uku daga Ankara. Abin da ya sa na kunna kyamara tun da safe shi ne wani abu da na gani a wayata wanda ya tsaya mini a rai. Da na fito daga masauki na duba yanayin gari, sai na ga digiri 13 a nan, a ƙarƙashinsa kuma ga Gombe ana sa ran digiri 39 kafin azahar. Wata ɗaya ne, rana ɗaya ce, amma ni ina sanye da rigar sanyi, ku kuwa na san ko ruwan randa ya fara ɗumi.

An saba fassara mana wannan lokaci nasu da sunan bazara, amma duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a tsakar gida a watan Afrilu, yana ta fifita yana jiran iska ta motsa, ya san cewa sunan bai dace ba. Bazararmu zafi ce da duban gabas ana jiran hadari. Tasu kuwa fitowa ce daga watannin sanyi, itatuwa suna tsiro da sabon ganye, mutane kuma suna fitowa waje kamar waɗanda aka buɗe wa ƙofa. Saboda haka na ɗaura niyya cewa yau ba zan shiga mota ba, da ƙafata zan ga garin.

Na fara daga dandalin Sultanahmet, wurin da Rumawa suke tseren karusan dawaki a zamanin da. A tsakiyarsa akwai wani dogon dutse mai rubutun Fir'aunoni, wanda aka sassaƙa a Masar aka kawo shi nan aka kafa a shekarar 390, kuma har yau rubutun yana fitowa sarai. Ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609, ga kuma Aya Sofiya tana fuskantarsa. An kammala ta a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, daga baya aka mayar da ita gidan tarihi, sannan aka koma yin salla a cikinta a 2020. Masu yawon buɗe ido daga waje yuro 25 suke biya su hau benen sama, kuma layin da na tarar ya yi tsawo ƙwarai, don haka na bar ta sai gobe, na gangara zuwa lambun Gulhane.

A nan ne ƙafata ta ƙi tafiya. Wannan lambu a da wani ɓangare ne na fadar Topkapi, inda sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka zauna, yanzu kuwa kowa yana shiga ba tare da biyan ko sisi ba. Ku dubi waɗannan furanni da kyau. Kowanne yana tsaye a kan kara ɗaya, kansa kamar ƙaramin kofin shayi, an jera jajaye a kwami ɗaya, rawaya a wani, ga farare, ga wasu masu duhu har sun kusa zama baƙaƙe. Na sunkuya na shinshina, ba su da wani ƙamshi mai ƙarfi, kyawunsu duk na ido ne. Wani dattijo da yake zaune a kan benci da carbi a hannunsa ya ga yadda na daɗe a tsugune, sai ya nuna furen ya ce mini, "Lale." Na ɗago kai da sauri, domin na ɗauka maraba yake yi mini, ashe sunan furen ke nan a harshensu. Da ɗan Turkancin da na koya na bayyana masa cewa a wurinmu idan baƙo ya iso, da wannan kalma ake tarbarsa, a ce masa lale marhabin. Ya maimaita ta sau biyu, ya dafa ƙirjinsa, ya matsa mini wuri na zauna kusa da shi. Wallahi na ji daɗin wannan abu fiye da duk gine-ginen da na wuce.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa furen Holan ne, alhali daga ƙasar Usmaniyawa aka kai shi Turai a ƙarni na 16, kuma a tarihin Turkiyya akwai wani zamani, daga 1718 zuwa 1730, da ake kira zamanin lale saboda yadda manyan gari suka ƙwallafa rai a kansa. Zan ja kunnen duk wanda zai zo nan, domin ni ma na kusa faɗawa. Za ku ga ana sayar da irinsa a kasuwa, ga shi nan kamar ƙananan albasa, kuma zuciya za ta raya muku ku kai gida tsaraba. Kada ku ɓata kuɗinku. Ana binne shi ne kafin sanyi ya shigo, kuma sai ya sha makonni a cikin ƙasa mai tsananin sanyi kafin ya yi fure, irin sanyin da hunturunmu ba ya kaiwa.

Amma abin da ya fi furannin taɓa ni shi ne itatuwan da suke samansu. Suna kiransu cinar, manya ne ƙwarai, wasu sai mutum uku sun haɗa hannu kafin su zagaye gindinsu, ɓawonsu yana saɓulewa dabbare-dabbare, a can ƙololuwa kuma zalɓe ya yi sheƙa. Ina zaune a ƙarƙashinsu sai ga kiran mahaifiyata daga gida. Mu a nan muna gaban Najeriya da awa biyu, don haka ita a lokacin ta gama karyawa ke nan. Na durƙusa da murya na gaishe ta, na juya mata kyamara ta ga furannin, ta yi ta salati. Da na gaya mata cewa tun safe a ƙasa nake tafiya, kuma haka zan yini, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Babana, ko kuɗin mota ne suka yanke maka? Faɗa mini gaskiya, in sa Hammanka ya tura maka." Na ce, "A'a Dada, Allah ya ƙara miki lafiya, da kuɗina a aljihu, sha'awa ce kawai." Ta ce, "To, Allah ya tsare, amma ka riƙa bin inuwa."

Wannan magana tata ta bi ni har ƙarshen yini. Dada ba ta yi kuskure ba, domin a wurinmu babu mai hankalin da zai taka daga Tashan Dukku zuwa Pantami da tsakar ranar Afrilu alhali yana da kuɗin Keke Napep, kuma idan aka ga magidanci yana tafe a ƙasa yana share gumi, tausayinsa ake ji. Sai dai ba rana kaɗai ce ta raba mu da tafiyar ƙasa ba. Su ma a nan suna shan zafi a watan Yuli da Agusta, amma wani ya dasa itace tun shekaru aru-aru, wani ya bar wa mai tafiya gefen hanyarsa, wani ya ajiye benci. Ni na taso na ga layukan itatuwan maina, wato dogon yaro, a tsofaffin unguwanninmu, inda dattawa suke shimfiɗa buzu su yini, kuma na ga yadda a sababbin unguwanni mutum yake sayen fili ya fara da sare duk abin da ya tarar a tsaye. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, musamman idan na tuna kwarurrukan da ruwa yake haƙawa a cikin garinmu duk damina.

Daga Gulhane na bi layin jirgin tarago zuwa Eminonu, na sayi simit, wato burodin nan mai kama da zobe wanda aka barbaɗe da riɗi, lira 20, ban kuma ƙara neman abinci ba sai bayan azahar. A kan gadar Galata masunta ne jere da sandunan kamun kifi, kowa da bokitinsa. A nan wani mai gyaran takalma ya wuce ni, buroshinsa ya faɗi a gabana, ni kuma na ɗauka na bi shi na miƙa masa kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Ya yi ta godiya, ya ce lallai sai ya goge mini takalmi, da ya gama sai ya yanka mini kuɗin da ya isa abincin rana. Na ba shi abin da ya sauƙaƙa na wuce raina a ɓace, domin abin da ya yi amfani da shi a kaina kyakkyawar niyyata ce. Idan kun ga buroshi ya faɗi, ku kira mai shi da baki ku nuna masa, kada ku tsaya.

Hawan da ya kai ni masallacin Sulaimaniyya ne ya wanke mini zuciya. Tudu ne sosai, duwatsun da aka shimfiɗa a hanyar kuma suna da santsi, saboda haka wanda ya zo da takalmin zuwa ɗaurin aure zai sha wuya. Magini Sinan ne ya gina shi tsakanin 1550 da 1557 domin Sultan Sulaiman, tare da makarantu da asibiti da gidan ciyar da mabuƙata duk a kewayensa. Na yi azahar a ciki, na fito bayan masallacin inda ake hango ruwa da rufin gidaje har ƙetare. Kabarin Sinan yana wata kusurwa a waje, ɗan ƙarami, a jikinsa kuma an gina wurin shayar da masu wucewa ruwa. Da na gan shi sai na tuna randar da kakata take ajiyewa a ƙofar gida da moɗa a kan murfinta, ta cika ta safe da yamma saboda almajirai da 'yan kasuwar ƙauye. Su sun yi nasu da dutsen marmara, mu mun yi namu da yumɓu, kuma ina alfahari da cewa wannan ɗabi'a ba a nan na fara ganinta ba.

Da la'asar sakaliya na koma bakin ruwa na shiga jirgin Uskudar da katin Istanbulkart, wanda da shi ake hawa bas da jirgin ƙasa ma. Cikin kimanin minti 15 mutum ya bar nahiyar Turai ya sauka a Asiya, yana riƙe da shayi a ɗan ƙaramin gilashi mai siririn ƙugu, fararen tsuntsayen teku suna bin jirgin suna cafe gutsuren simit a sama. Rabona da zama a kan ruwa haka tun wata tafiya da muka yi Dadin Kowa da abokaina, kuma sai na ji ina ma suna nan. A tsaunukan bakin Bosforus, wato wannan mashigin ruwa da ya raba nahiyoyin biyu, itatuwan da suke kira erguwan sun fara fitar da furensu mai ruwan hoda.

Yanzu ga ni zaune a bakin ruwa a Uskudar, rana tana faɗuwa ta bayan hasumiyoyin da na baro da safe, wayata kuma ta nuna na taka kilomita 11. Na riga na tura wa Hamma saƙo da kuɗi, na roƙe shi ya nemo dashen maina guda huɗu ya ajiye, da zarar ruwan farko ya sauka a dasa su a ƙofar gidanmu, a kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ga ladanin masallacin Mihrimah can ya fara kiran magariba, bari in kashe kyamara in je in yi alwala. Gobe in Allah ya kai mu, bayan Aya Sofiya, Ayyub Sultan zan nufa, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake.