Diyyar ma'aikacin da ya rasu ko ya nakasa a bakin aiki bashi ce a wuyan mai kamfani

Jama'a masu sauraro, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wuraren aiki na ƙasar nan, har ta kai ba ma ganin muninta. Lebura ya faɗo daga saman bene, ko inji ya datse hannun matashi a wata masana'anta a Sharaɗa ko Challawa da ke Kano, ko direban kamfani ya rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, sai ka ga manaja ya zo zaman makoki da buhun shinkafa da ambulan ɗauke da 'yan kuɗi, a yi addu'a, dangi su yi ta godiya. Kafin a yi sadakar arba'in an tsayar da albashin mamacin, an ɗauki wani a gurbinsa, matarsa na cikin takaba tana tunanin kuɗin haya da na makarantar yara. Abin da ya fi ɓata rai a cikin wannan lamari shi ne godiyar da iyalan suke yi, domin suna yin ta ne a kan abin da bai kai ko kusa da haƙƙinsu ba, kuma wanda ya miƙa ambulan ɗin sau da yawa ya san haka sarai.

Tun a watan Disamba na shekarar 2010 Najeriya take da dokar biyan diyya ga ma'aikata, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya sanya wa hannu, ta kuma maye gurbin tsohuwar doka ta 1987. Dokar ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata, na gwamnati ne ko mai zaman kansa, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a asusun da NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya mai biyan diyyar ma'aikata, take kula da shi. Daga aljihunsa kuɗin za su fito, doka ta hana shi cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci domin wannan, ta kuma hana ma'aikaci sa hannu a wata yarjejeniya ta yafe diyyarsa. Idan ma'aikaci ya rasu a dalilin aiki ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, za a riƙa ba iyalinsa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata; idan ɗa ɗaya ya bari, kashi 85. Wanda hatsari ya nakasa shi baki ɗaya, yadda ba zai ƙara iya aiki ba, shi ma kashi 90 ne rabonsa, ban da kuɗin magani da ƙafa ko hannun roba idan ana bukata. Diyyar ba ta tsaya a ƙofar ma'aikata ba, ta haɗa da hatsarin da ya faru tsakanin gida da wurin aiki, da cututtukan da aikin kansa yake haddasawa, kamar kurumtar da ƙarar injuna take jawowa.

Akwai kuma doka ta biyu, wato dokar fansho ta 2014, wadda ta ce dole mai kamfani ya yi wa ma'aikatansa inshorar rai ta rukuni, da za ta biya magada aƙalla ninki uku na albashin shekara idan ma'aikaci ya rasu yana kan aiki. Dokar ta ƙara da cewa wanda ya ƙi yin wannan inshora, shi zai biya magadan da kansa. Mu ɗauki mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ninki uku na albashin shekara ya kama naira miliyan 2 da dubu 520, kashi 90 na albashin wata kuwa naira 63,000 ne. A auna wannan da buhun shinkafa guda. Wannan bashi ne da doka ta rataya a wuyan mai kamfani, kuma ba a sauke bashi da kuɗin gaisuwa.

Hujjar farko da masu kamfanoni suke kawowa ita ce tsadar gudanar da kasuwanci: ga kuɗin man dizil, ga haraji iri-iri, ga rashin wutar lantarki. Duk wannan gaskiya ne, ba mai musu. To amma kashi 1 cikin 100 na naira 70,000 naira 700 ne a wata. Duk kamfanin da zai ce naira 700 a kan kowane ma'aikaci ita ce za ta durƙusar da shi, to da ma can bai tsaya da ƙafarsa ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ci moriyar ƙarfin mutum shekara da shekaru ba shi da bakin cewa kula da marayunsa ya yi masa nauyi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko wayo, kuma ita ce aka fi cutar talakawa da ita. Sai a ce ai marigayin ba cikakken ma'aikaci ba ne, ɗan aikin yini ne, ko ɗan kwangila ne ya kawo shi, ba shi da takardar ɗauka aiki. Waɗanda suka rubuta dokar ta 2010 sun hango wannan dabara, shi ya sa suka fayyace cewa ma'aikaci shi ne duk wanda aka ɗauka aiki, da baki ne ko a rubuce, na dindindin ne ko na wucin gadi, har da mai koyon sana'a da ɗan aikin gida wanda ba ɗan uwan maigidan ba ne. Ke nan birkila da mai kwaɓa siminti da mai gadi da yaron mota duk suna ciki. Haka kuma dokar ba ta ɗora wa iyalan mamaci nauyin tabbatar da cewa sakacin kamfani ne ya jawo hatsarin ba. Abin da ake dubawa shi ne ko a dalilin aiki abin ya faru.

Sai kuma maganar da ake yi da sunan addini, cewa mutuwa ƙaddara ce, neman diyya kuwa rashin tawakkali ne. Babu musulmin da yake jayayya da ƙaddara. Amma addinin da ya koyar da imani da ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kan kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, malamai kuma suka yi bayanin cewa dangin wanda ya yi kuskuren ne suke haɗuwa su ɗauki nauyin biya, don kada ya faɗa kan mutum ɗaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai tsarin takaful, wato inshorar da ta dace da shari'ar Musulunci, wanda hukumar kula da inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, kuma akwai kamfanonin da suke da lasisin gudanar da shi. Abin lura shi ne, masu yi wa iyalan mamaci wa'azin haƙuri su ne suka yi wa motocinsu da injunansu da rumbunan kayansu inshora. Inji yana da inshora, mutumin da yake tsaye a gabansa awa goma sha biyu ba shi da ita, sa'an nan a ce da matarsa ta yi tawakkali! Wannan cin haƙƙi ne da aka lulluɓe da rigar addini.

Akwai ƙorafi guda da nake ganin yana da nauyi, shi ne rashin yarda da ita kanta hukumar da take riƙe da asusun. A shekarar 2020 an dakatar da manyan shugabanninta bisa zargin almundahana, a 2022 kuma aka shaida wa wani kwamitin Majalisar Dattawa cewa mai yiwuwa gara ta cinye takardun shaidar kashe sama da naira biliyan 17. Irin wannan labari yana kashe gwiwar duk mai niyyar biya, kuma wajibi ne hukumar ta riƙa bayyana wa jama'a abin da ta karɓa da wanda ta biya. Sai dai maganin ɓarna a asusu shi ne a hukunta maɓarnata a gyara asusun. Mai kamfanin da ya fake da wannan ya ƙi zuba kuɗi, kuma ya ƙi biyan magada daga aljihunsa, ya bar marayu su ɗauki hukuncin laifin da ba su suka yi ba.

Lokacin da bene mai hawa 21 ya rushe a unguwar Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, mutane sama da 40 suka mutu, akasarinsu masu aikin ginin ne. A Kano ma an ga rushewar wani bene da ake ginawa a titin Beirut a 2022. Duk wanda ya je asibitin ƙashi na Dala ya san yadda jinyar karaya da yanke gaɓa take cinye abin da gida ya mallaka, har a kai ga sayar da gona. Gwamnatin tarayya tana neman takardar shaidar biyan NSITF da ta hukumar fansho kafin ta ba kamfani kwangila. Me ya hana gwamnatocin jihohi su yi haka, su kuma sa shi cikin sharuɗɗan amincewa da taswirar manyan gine-gine? Me ya hana su fara da kansu, su sa masu shara da direbobi da ma'aikatan ƙananan hukumomi a cikin tsarin? Ƙungiyoyin ƙwadago su ma suna da laifi, domin sukan tayar da jijiyar wuya a kan ƙarin albashi, amma da wuya ka ji sun rufe ƙofar wata masana'anta saboda ba ta yi wa leburorinta rajista ba.

Ga ma'aikata da iyalansu, dokar tana da wa'adi, kuma jinkiri yana iya tauye haƙƙi. Wanda ya ji rauni, ko magajin wanda ya rasu, ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma mai kamfani ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sa'an nan a shigar da takardar neman diyya kafin shekara ta cika. A adana takardun asibiti da shaidar rasuwa da duk abin da yake nuna cewa mutum yana karɓar albashi a wurin, ko da saƙon banki ne a waya. Idan kamfani ya toshe kunne, magada su je ofishin NSITF mafi kusa da kansu, idan kuma hukumar ta ƙi biya, doka ta ba su damar ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano.