Amsoshin Tambayoyinku: Na Rage Ci, Ina Tattaki, Amma Sikeli Ya Tsaya Cak

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Tun da muka taɓo batun ƙiba a makon jiya wasiƙu suke ta shigowa, har na kasa karance su a zama ɗaya. Na ware guda huɗu, kuma zan fi daɗewa a kan ta farko, domin kukan da ke cikinta shi ne kukan mafi yawanku.

Wata baiwar Allah ce ta rubuto, ta ce a sakaya sunanta. Ga abin da take cewa: "Nauyina kilo 92 ne lokacin da na fara. Na daina cin abincin dare, na bar sukari, kullum da sassafe ina tattaki. A sati biyun farko kilo 3 suka tafi, na yi ta murna. Zuwa ƙarshen wata na uku na zubar da kilo 9. Daga nan sikeli ya tsaya cak, sati shida bai motsa ba, ga yunwa kamar ta kashe ni. Na karaya na koma cin abincina, yanzu kilo 6 sun dawo. Shin ni ce ba ni da juriya, ko jikina ne ba ya ji?"

'Yar'uwa, sau biyu na karanta wasiƙar nan, saboda na san wurin da kika tsaya. Ni ma na yi lokacin da lambar da sikeli ya nuna mini da safe ita ke yanke mini yadda zan yini, ko cikin walwala ko cikin ƙunci. Don haka ki bari in fara cire miki wannan zargi daga kanki: matar da ta yi wata uku tana kwana da yunwa, tana tashi tattaki, ba za a ce mata marar juriya ba.

Kilo 3 ɗin nan na farko, yawancinsu ruwa ne. Jiki yana da ɗan rumbun sukari a cikin hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kamar giram 3. Da mutum ya rage ci, rumbun nan ake fara buɗewa, ruwan ya bi fitsari ya fita, sikeli ya yi ƙasa da sauri. Shi kuwa kitse a hankali yake tafiya. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) wajen 7,700, wato ko da kin rage kalori 500 a kullum, abin da za ki gani a sati bai wuce rabin kilo ba. Saurin farkon nan shi ke yaudarar mutane, sai su ɗauka haka tafiyar za ta ci gaba.

Sai batun tsayawar. Jikin da ya ragu ba ya buƙatar abinci kamar da, kamar yadda motar da aka sauke wa kaya ba ta shan mai kamar lokacin da take danƙare. Amma abin bai tsaya nan ba, jiki yana kare kitsensa da gaske. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka suka gano wani sinadari mai suna leptin, wanda kitse ke fitarwa yana sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. Idan kitse ya ragu, shi ma ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga: ta ƙara yunwa, ta rage kashe kuzari. A 1999 kuma masu bincike a Japan suka gano ghrelin, sinadarin da ciki ke saki don tayar da yunwa, kuma shi ƙaruwa yake yi bayan an rame. Yunwar da kika ce kamar ta kashe ki, daga nan take.

Akwai wani bincike da aka wallafa a 2016 da ba na mantawa da shi. An bi mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, inda aka ramar da su cikin 'yan watanni da horo mai tsanani. Bayan shekara shida, yawancinsu sun mayar da kaso mai yawa na nauyin, kuma jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 ƙasa da abin da ya kamata jiki mai girmansu ya ƙona a kullum. Mutanen da duniya ta ga irin wahalar da suka sha ke nan.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki shi ne ba ki ga nasarar da kika ci ba. Kilo 9 cikin 92 kusan kashi 10 cikin ɗari ne, kuma abin da likitoci ke fara nema ke nan, kashi 5 zuwa 10, domin a nan hawan jini da sukarin jini ke fara sauka. Da a ce lokacin da sikelin ya tsaya kin ɗan sassauta wa kanki, kin zauna a wannan nauyi wata biyu ko uku, da kin riƙe abin da kika samu. Matsalar tsarin ne: hana kai abincin dare gaba ɗaya abu ne da ake iya yi wata uku, ba a iya yin sa shekara uku.

In za ki sake farawa, ki mayar da abincin daren, ki rage yawansa. Ki ƙara abin da ke riƙe ciki, wato mai gina jiki da ganyaye da abin da ke da dusa, ki rage mai, domin giram ɗaya na mai kalori 9 ne, shi kuwa sitaci 4. Ki haɗa tattakin da abin da zai sa tsoka aiki sau biyu a sati, don kada ramar ta cinye tsokar. Sannan barci, wanda ba ki ambata ba sam. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Chicago a 2004, an taƙaita wa samari barci zuwa awa 4 na dare biyu kacal, sai leptin ya sauka da kashi 18, ghrelin ya hau da kashi 28. Idan tattakin sassafen nan daga barcinki kike yanko shi, to da hannu ɗaya kike bayarwa, da ɗayan kina karɓewa.

Kuma riƙewar tana yiwuwa. Tun 1994 Rena Wing da James Hill suka buɗe wata rajista a Amurka ta mutanen da suka zubar da aƙalla kilo 13 da ɗoriya, suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Sun haura mutum 10,000. Hanyoyin da suka bi wajen ramewa sun bambanta ƙwarai, amma bayan ramar sai ka ga sun yi kama da juna: yawancinsu suna motsa jiki kamar awa ɗaya a rana, galibi tafiyar ƙafa, kuma suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a sati. Sau ɗaya a sati ya ishe ki, 'yar'uwa.

Wasiƙa ta biyu daga wani saurayi ce ɗan shekara 26. Ya ce tumbi ne kawai damuwarsa. Kullum yana kwanciya ya tashi sau 100 don matse ciki, yana naɗe cikin da leda, yana sa kaya masu kauri ya yi gudu don ya yi gumi sosai, amma wata biyu ke nan tumbin yana nan.

Ƙanena, ledar nan ka cire ta yau. Gumi ruwa ne da gishiri, kana shan ruwa nauyin ya dawo, kuma gudu cikin zafi da kaya masu kauri yana iya kai mutum ga suma ko ya taɓa masa ƙoda. Ka san ta inda kitse ke fita? Ta hanci da baki. Wani lissafi da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2014 ya nuna cewa cikin kilo 10 na kitsen da aka ƙona, kilo 8.4 numfashi ne ke fitar da shi a matsayin iska, ragowar 1.6 ne ke zama ruwa. Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin kitsen, wannan abu ne mai kyau, amma jiki ba ya ɗebo kitse daga wurin da kake motsawa. Daga ko'ina yake ɗiba, kuma gado ne da jinsi ke tsara inda zai fara.

Ban ga inda ka yi maganar abin da kake ci da sha ba, kuma ina zargin a nan gizo ke saƙar. Rabin awa na tafiya da sauri yana ƙona kalori kamar 150. Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kalori kusan 140. Ka ga a minti biyu ka mayar da aikin rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 na kuzarin yini, in ma an iya a sauko da shi ƙasa da kashi 5, wato kamar ƙaramin cokali 6. Ka nemi tef ɗin awo ka riƙa auna ƙugunka daidai saitin cibiya sau ɗaya a wata. Abin da ake so shi ne awon kewayen ƙugun ya gaza rabin tsayinka.

Ta uku gajeriya ce. Wata uwa mai 'ya'ya uku ta ce ƙawarta ta ba ta shayin rage teba, tana sha tana yawan zagayawa, ta ragu da kilo 2 a kwana biyar, amma zuciyarta tana bugawa da sauri. Tana tambaya ko ta ci gaba.

Hajiya, don Allah ki dakata da shi, kuma bugun zuciyar nan ki kai shi gaban likita, ki tafi da kwalin shayin a hannunki. Yawancin irin wannan shayi maganin sa gudawa ne ko na sa fitsari, abin da ke fita ruwa ne da gishirin da zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Wani kuma akan same shi an cakuɗa masa sibutramine a ɓoye, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Akwai magungunan gaskiya, ban musa ba. Allurar semaglutide, a gwajin da aka wallafa a 2021, ta rage wa mutane kusan kashi 15 na nauyinsu cikin sati 68. To amma likita ke rubuta ta yana bibiya, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda. In kuma ƙibar ta zo miki ne da rikicewar al'ada, ko kasala da yawan jin sanyi, ko bayan fara wani magani, ki faɗa wa likitan, domin akwai gwajin jini da ke gano irin wannan.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce mai shekara 63. Ya ce likita ya gaya masa sukarinsa yana bakin iyaka, gwiwoyinsa suna ciwo, 'ya'yansa kuma sun ce sai ya zubar da kilo 25. Ya rubuta cewa: "A shekaruna, da wannan gwiwa, ina ganin lokaci ya riga ya wuce ni."

Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. 'Ya'yanku ƙauna ce ta sa su faɗi haka, amma sun ɗora muku kayan da ba a buƙatar ɗauka. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka na mutum 3,234 masu irin matsayinku, sukari ya hau amma bai zama ciwo ba tukuna. An nemi wani rukuni su rage kashi 7 kacal na nauyinsu, su riƙa motsa jiki minti 150 a sati. Haɗarin kamuwa da ciwon suga ya ragu musu da kashi 58, alhali waɗanda aka ba maganin suga mai suna metformin kashi 31 suka samu. Ga kuma abin da na fi so ku ji: a cikin waɗanda suka kai shekara 60, raguwar ta kai kashi 71. Sa'o'inku ne suka fi kowa cin moriya.

Idan nauyinku kilo 100 ne, kilo 7 ake magana, a cikin wata shida ko fiye. Ita ma gwiwar za ta ji sauƙi, domin kowane kilo ɗaya da ya tafi yana sauke mata nauyi kamar kilo 4 a kowane taku. Minti 150 ɗin ba sai an yi su a tashi ɗaya ba. Ku fara da minti 10 bayan cin abinci, a kan ƙasa mai laushi, da takalmi mai kyau. Ranar da gwiwa ta ƙi, ku zauna kan kujera mai ƙarfi ku miƙe tsaye ku koma, sau 8 ko 10, ku huta ku sake. Kafin ku fara, ku sanar da likitan nan naku, musamman in kuna shan maganin hawan jini, kuma in kun ji ƙirji ya ɗaure ko jiri yana ɗibarku, ku tsaya nan take. Ku sa ɗaya daga cikin yaran ya riƙa raka ku tattakin.

Bayan wata uku, Baba, in an sake auna sukarin, ku rubuto mana abin da ya nuna, zan karanta shi a wannan fili. Sauran wasiƙun, musamman na masu shayarwa da suka yi tambaya kan rage ci, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.